Gawa a Kantin Littattafai: Nazarin Muhalli da Jigo a Labaran Bincike Masu Sanyi na Amurka

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai na Turanci akwai wani reshe da ya daɗe yana cin kasuwa ba tare da manazarta sun waiwaye shi yadda ya kamata ba. Wannan reshe shi ne labarin binciken kisan kai da ake ginawa a wani ɗan ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kuma mai tona asirin wanda ya yi kisan takan kasance mace ce mai wata sana'a daban, wadda ba ta taɓa sa kakin ɗan sanda ba. A cikin wannan reshe kuma akwai wani gungu da ya keɓanta da muhalli guda, wato kantin sayar da littattafai. Mai kantin ita ce tauraruwa, abokan cinikinta su ne shaidu da waɗanda ake zargi, gawar kuwa sau da yawa a cikin kantin ko a maƙwabtansa ake tsintar ta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta amsa tambaya guda: mene ne aikin kantin littattafai a cikin waɗannan labarai? Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kantin yana ɗauke da nauyin zubi da na jigo gaba ɗaya, kuma a cikinsa ne ƙarfin wannan reshe da rauninsa suka haɗu. An ɗora nazarin a kan littafin farko na kowane ɗaya daga jerin littattafai bakwai da aka buga a Amurka tsakanin 1986 da 2017.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a shiga nazarin, ya zama wajibi a tsayar da sunan da za a kira wannan reshe da Hausa. Kalmar da Turawa suke kiransa da ita, wato "kozi", siffa ce ta wuri mai ɗumi da daɗin zama, kamar ɗakin da aka hura wa wuta a lokacin hunturu, kuma da ita ake kiran rigar da ake sa wa butar shayi don kada ya huce. Mutumin ƙasar ƙanƙara a cikin ɗumi yake ganin kwanciyar hankali. Bahaushe kuwa, wanda rana ta fi damunsa, a cikin sanyi ya ajiye tasa: yakan ce ransa ya yi sanyi, ko wance tana da sanyin hali, ko an sanyaya masa zuciya. Idan aka fassara kalmar kai tsaye aka ce "labari mai ɗumi", mai karatu zai ɗauka ana nufin labarin da ya faru yanzun nan, wanda ake bayarwa da ɗumi-ɗuminsa. Saboda haka wannan maƙala ta zaɓi "labarin bincike mai sanyi", domin sanyi a nan ya ƙunshi abubuwa biyu da suka bambanta reshen da sauran: rashin nuna jini da ta'asa, da kuma nufin kwantar wa mai karatu da hankali.

3.0 Asali da Bunƙasa

Masana sun fi danganta farkon labarin bincike ga Edgar Allan Poe da gajeren labarinsa na 1841, The Murders in the Rue Morgue, sannan Arthur Conan Doyle ya kafa shi sosai da fitowar Sherlock Holmes a 1887. Amma uwar reshen da ake magana a kai ita ce Agatha Christie, musamman littafinta The Murder at the Vicarage na 1930, inda wata tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, Miss Marple, take warware kisan da aka yi a ƙauyen St Mary Mead ta hanyar sanin halin maƙwabta da sauraron tsegumi. A daidai wannan zamani ne marubutan suka shata wa kansu ƙa'idoji. S. S. Van Dine ya jera guda ashirin a 1928, Ronald Knox kuma ya jera goma a 1929. Ruhin ƙa'idojin shi ne adalci ga mai karatu: dole mai laifin ya kasance cikin waɗanda aka gabatar tun da wuri, dole a nuna wa mai karatu duk wata alama da mai bincike ya gani, kuma ba a yarda a warware matsala ta hanyar aljanu ko fatalwa ba.

Tun a lokacin reshen ya sha suka. A maƙalarsa ta 1944, The Simple Art of Murder, Raymond Chandler ya zargi marubutan Ingila da raba kisan kai da irin mutanen da suke aikata shi a zahiri, suka mayar da shi wasan wasa ƙwaƙwalwa na masu hali. Edmund Wilson ya bi sahu a 1945, ya ce karanta irin waɗannan littattafai ɓata lokaci ne. W. H. Auden kuwa, a maƙalarsa The Guilty Vicarage ta 1948, ya amsa cewa shi kansa ya kamu da jarabarsu, sannan ya ba da bayanin da har yau ake komawa gare shi. A ganinsa labarin yana buƙatar rufaffiyar al'umma mai kama da aljanna, sai kisa ya jefa zargi a kan kowa, sai mai bincike ya ware mai laifi guda a fitar da shi, al'umma ta koma cikin tsarkinta.

Reshen ya sake tasowa a Amurka a shekarun 1980. Shirin talabijin na Murder, She Wrote, wanda aka nuna daga 1984 zuwa 1996, ya saba wa miliyoyin masu kallo da marubuciya mai bincike a wani ƙaramin garin bakin teku. A 1989 aka fara taron shekara-shekara na Malice Domestic tare da lambar yabo ta Agatha, wadda sharaɗinta shi ne littafi ya guji batsa da zubar da jini a fili. A ɗaya ɓangaren kuma, kantunan da ba sa sayar da komai sai labaran bincike sun riga sun bayyana a zahiri: Dilys Winn ta buɗe Murder Ink a birnin Niyok a 1972, Otto Penzler ya buɗe The Mysterious Bookshop a 1979. Da sana'ar ta samu, sai ta shiga cikin labarin. Joan Hess ta fitar da Strangled Prose a 1986, Carolyn Hart ta fitar da Death on Demand a 1987, kuma littafin Hart na uku a wannan jeri, Something Wicked, shi ya fara cin lambar Agatha ta gwarzon littafi.

4.0 Zubi da Taurari

4.1 Tauraruwa

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne cewa kusan duk taurarin nan mata ne da suka zo kantin bayan wani rashi. Claire Malloy ta Joan Hess mijinta malamin kwaleji ne da ya rasu ya bar ta da 'ya budurwa, tana riƙe da kantin Book Depot a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a garin Farberville na jihar Arkansas. Penelope Thornton-McClure, a The Ghost and Mrs. McClure na 2004 wanda aka buga da sunan Alice Kimberly, ita ma mijinta ya mutu, ta koma garinsu Quindicott da ɗanta don ta taimaki gwaggonta da kanti. Samantha Washington ta V. M. Burns, a The Plot Is Murder na 2017, ta buɗe kanti a North Harbor na jihar Michigan don cika burin da suka yi da marigayi mijinta. Tricia Miles ta Lorna Barrett, a Murder Is Binding na 2008, bazawara ce da ta baro Niyok bayan mutuwar aurenta. Annie Laurance ta Carolyn Hart gadon kantin ta yi daga kawunta.

Wannan maimaici ba sakaci ba ne na marubutan. Kantin shi ne rayuwa ta biyu, kuma duk wani zargin kisa da ya faɗo kan mai kantin barazana ce ga wannan rayuwa. Ta haka ake warware wata tsohuwar matsala ta reshen, wato dalilin da zai sa mace mai sana'arta ta tsoma baki cikin aikin 'yan sanda. A littattafan farko na Hess da Hart da Barrett da Burns, ita kanta mai kantin tana cikin waɗanda hukuma take zargi. Binciken nata ke nan ya zama na ceton kai da ceton jari.

4.2 Mamaci

Wanda ake kashewa kuwa, bisa al'ada, mutum ne da aka shirya mai karatu ya ƙi shi tun kafin ya mutu. A Death on Demand, wani marubuci mai suna Elliot Morgan ya yi alkawarin fallasa asirin 'yan uwansa marubuta a taron da suke yi a kantin kowace Lahadi da dare, sai fitila ta ɗauke, aka jefe shi da ƙaramar kibiya mai dafi. A Strangled Prose, marubuciyar labaran soyayya ce ta fito da littafin da ya tona asirin malaman kwalejin garin a fakaice, aka yi bikin ƙaddamar da shi a kantin Claire, ba da jimawa ba aka shaƙe ta. A The Plot Is Murder, dillalin gidaje ne mara gaskiya. Amfanin wannan dabara biyu ne: tana yawaita masu dalilin yin kisan, kuma tana ɗauke wa mai karatu nauyin makoki. Za a dawo kan farashin wannan a sashe na 6.0.

4.3 Gari

Garuruwan duk ƙirƙirarru ne, kuma an gina su ne don su cika sharaɗin Auden na rufaffiyar al'umma. Broward's Rock na Hart tsibiri ne a gaɓar jihar Karolina ta Kudu, wanda sai da jirgin fito ake shigarsa, don haka mai laifi ba shi da saurin gudu kuma baƙo ba ya ɓoyuwa. Farberville gari ne da kwaleji ta mamaye rayuwarsa. Miracle Springs na Ellery Adams, a The Secret, Book & Scone Society na 2017, gari ne na maɓuɓɓugar ruwan zafi a jihar Karolina ta Arewa inda marasa lafiya suke zuwa neman waraka. Kowane gari yana da iyaka da za a iya zagayawa da ƙafa, da 'yan sanda ƙalilan masu saurin yanke hukunci.

5.0 Ayyukan Kanti a Cikin Labari

5.1 Kanti a Matsayin Dandali

Tzvetan Todorov ya nuna a 1966 cewa labarin bincike labari biyu ne a haɗe: labarin kisan, wanda ya ƙare kafin littafin ya yi nisa, da labarin binciken, wanda a cikinsa taurari ba sa aikata komai sai neman sani. Matsalar marubuci ita ce yadda zai kai wa mai bincike labarai ba tare da ikon kama mutum ko yi masa tambayoyi ba. Kantin littattafai ya dace da wannan buƙata fiye da yawancin wuraren sana'a. Wuri ne da mutum zai shiga ya yi awa guda bai sayi komai ba kuma ba wanda zai tuhume shi. Attajiri da ɗan fansho da ɗalibi duk suna da hujjar zuwa. Ana yin tarukan karatu da bukukuwan sa hannu a littafi, waɗanda suke tara duk waɗanda za a zarga a ɗaki guda a dare guda, kamar yadda aka gani a littattafan Hess da Hart da Kimberly. Bugu da ƙari, littafin da mutum ya saya yana faɗin abin da ke ransa, don haka mai kantin tana riƙe da wani sani game da maƙwabtanta wanda ko limamin cocinsu ba shi da shi.

Ellery Adams ta kai wannan tunani ƙarshensa. Tauraruwarta, Nora Pennington, wadda take ɗauke da tabon ƙuna a jikinta, tana sauraron damuwar baƙo ta zaɓar masa littattafan da za su yi masa magani. Wani ɗan kasuwa ya nemi taimakonta, amma kafin su sake haɗuwa aka tsinci gawarsa a kan layin dogo. A nan sana'ar sauraro ce ta jawo ta cikin binciken, kuma ita ce makaminta.

5.2 Karatu a Matsayin Dabarar Bincike

Aiki na biyu ya fi na farko zurfi. A cikin waɗannan labarai, mai bincike ta koyi bincike ne daga littattafan da take sayarwa. Annie Laurance tana auna kowane mutum da kowane yanayi da abin da ta karanta a Christie da sauran magabata. Kyanwar kantinta Agatha ne sunanta, ta kantin Tricia Miles kuwa Miss Marple. Hart ta ƙirƙiro wata gasa da take maimaitawa a littattafan jerin: ana rataye zane-zane biyar a bangon kantin, kowane yana nuna wani fage daga wani sanannen labarin bincike, wanda ya fara gane su duka ya ci kyauta, kuma sai a ƙarshen littafi ake ba mai karatu amsa. Wato an saka ƙaramin kacici-kacici a cikin babba, kuma na ƙaramin ba a cin sa sai da yawan karatu.

Vicki Delany, a Elementary, She Read na 2017, ta sa kantin Gemma Doyle a lamba 222 ta wani titin Baker a garin West London na jihar Massachusetts, ba ya sayar da komai sai abin da ya shafi Sherlock Holmes, ita kanta Gemma kuma tana da irin kaifin lura na Holmes da irin rashin iya zama da mutane nasa. Ƙullin labarin ya taso ne daga wani kwafin mujallar Beeton's Christmas Annual ta 1887 da aka ɓoye a kantin, wato mujallar da Holmes ya fara fitowa a cikinta, wadda kwafinta na gaske kaɗan ne suka rage a duniya. V. M. Burns kuma ta sa tauraruwarta tana rubuta nata labarin binciken, wanda ta gina a Ingila ta 1938, ana kawo babobinsa a tsakanin babobin babban labarin, har abin da ta kasa ganewa a rayuwarta yakan bayyana mata a rubutunta.

Mafi armashi a wannan fanni shi ne littafin Kimberly. A kantin Penelope akwai fatalwar Jack Shepard, wani mai bincike mai zaman kansa na birni da aka kashe a wurin a 1949, irin taurarin da Chandler yake yabo. Ita kaɗai take jin muryarsa, yana yi mata ba'a a kan yarda da mutane, tana tsawata masa a kan kaushin harshe. An karya dokar Knox ta hana fatalwa, amma an sami riba: tsohuwar gardamar 1944 tsakanin makarantar titi da makarantar ƙauye ta zama hira tsakanin taurari biyu a cikin kanti guda.

Abin da duk wannan yake gaya wa mai karatu shi ne cewa sa'o'in da ya kashe yana karanta labaran bincike ba su tafi a banza ba, domin ga wata irinsa ta kama mai kisa da su. Wannan amsa ce ga Edmund Wilson, kuma yabon kai ne da reshen yake yi wa kansa da abokan cinikinsa.

5.3 Kanti a Cikin Barazana

Aiki na uku shi ne wanda ya fi ɗaukar nauyin jigo, kuma sai an dubi tarihin sana'ar ake ganinsa. Shekarun da waɗannan labarai suka yawaita su ne shekarun da ƙananan kantunan littattafai na Amurka suka fi shan wuya. Manyan kamfanoni irin su Barnes & Noble da Borders sun baza manya-manyan kantuna masu rangwame a shekarun 1990. Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995, ya fito da na'urar karatu ta Kindle a 2007. Tsakanin tsakiyar shekarun 1990 da 2009, yawan 'yan ƙungiyar masu kantunan littattafai ta Amurka ya ragu da fiye da rabi. Murder Ink, wanda ya buɗe wannan hanya, ya rufe a ƙarshen 2006. Borders kansa ya durƙushe a 2011. Ƙananan kantunan sun fara farfaɗowa bayan 2009, amma tsoron ya riga ya shiga cikin adabin.

Murder Is Binding shi ne littafin da ya fi fuskantar wannan al'amari. Garin Stoneham na jihar New Hampshire yana mutuwa, sai shugaban 'yan kasuwar garin ya gayyato masu sayar da littattafai su cika shagunan da suka zama kango, bisa koyi da Hay-on-Wye na yankin Wales, garin da Richard Booth ya fara mayarwa matattarar tsofaffin littattafai a farkon shekarun 1960. Dabarar ta jawo 'yan yawon buɗe ido, amma ta raba garin biyu: 'yan ƙasa da suke ganin an ƙwace musu titinsu, da baƙi masu kantuna da suke fama da kuɗin haya. Wadda aka kashe maƙwabciyar Tricia ce mai sayar da littattafan girke-girke, an soke ta da wuƙar kicin, an kuma sace wani tsohon littafi mai daraja.

Idan aka jera wannan da dillalin gidaje na littafin Burns da kamfanin gine-gine da ke bayan kisan da aka yi a littafin Adams, sai wani tsari ya fito. Abin da yake kashe ƙaramin kanti a zahiri, wato tsadar haya da rangwamen manyan kamfanoni da sauyin ɗabi'ar masu saye, ba shi da fuska kuma ba a kai shi kotu. Labarin bincike mai sanyi yana ba wannan abu fuska da suna, ya mai da shi mutum guda mai haɗama, sannan ya kashe shi ko ya sa a ɗaure shi. A shafi na ƙarshe kantin yana buɗe, shayi yana kan wuta, ciniki yana tafiya. Wannan ita ce ainihin sanyayawar da mai karatu yake saye, kuma ta fi gano mai kisan muhimmanci a wurinsa.

6.0 Rauni

Rauni na farko ya shafi mutuwa. Tunda an shirya mamaci ya zama abin ƙi, sai kisan ya koma tamkar shara da aka yi wa gari. Ba a cika ganin uwar mamaci ko 'ya'yansa suna kuka ba, kuma idan an gan su to ana auna hawayensu ne a ga ko na gaskiya ne. Labarin da yake da'awar kare mutuncin al'umma ya wayi gari yana koya wa mai karatu cewa akwai ran da fitarsa sauƙi ce ga kowa. Zargin Chandler bai tsufa ba a nan. Littafin Adams ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan, domin mamacinsa mutum ne da ya zo da nadama yana neman gyara, kuma matan huɗu da suka haɗu don binciken sai da kowace ta buɗe wa sauran ciwon da take ɓoyewa. Sai dai maganin da littafin yake bayarwa, wato littafi da gurasa mai zafi, ya yi wa ciwon da ya bayyana kaɗan.

Rauni na biyu na jeri ne. Jerin Hart ya haura littattafai ashirin a tsibiri guda, na Barrett ma ya yi nisa a gari guda. Garin da aka sayar wa mai karatu a matsayin mafakar aminci ya zama wurin da ake kisa duk shekara, kuma mace guda ce kullum take tuntuɓe da gawa. Barrett ta san da wannan, har ta sa mutanen Stoneham suna yi wa Tricia kallon mai farar ƙafa. Barkwancin yana da daɗi, amma amincewa ce da cewa ginin ya tsage. Aljannar Auden sau ɗaya ake korar mai laifi daga cikinta. Idan aka yi ta korar sau ashirin, to laifin a cikin garin yake.

Rauni na uku na salo ne. Ambaton sunayen marubuta da littattafai, wanda yake ƙarfi ne a hannun mai lura, yakan zama lodi. Akwai shafuka a littattafan Hart da za a ɗauka jerin hajar kanti ne, inda ake tsayar da labari don a ambaci littattafai uku ko huɗu da suka yi kama da halin da ake ciki. Mai karatun da ya san su zai ji daɗin an gane shi, wanda bai san su ba an bar shi a waje. Hess ta fi kowa tsira daga wannan, domin da bakin Claire ake ba da labarin, kuma bakin nata mai gatse ne, tana yi wa malaman kwaleji da marubutan soyayya da ita kanta dariya, kuma ba ta ɓoye cewa kantin da ƙyar yake ciyar da ita da 'yarta.

Rauni na huɗu shi ne ƙuncin al'ummar da ake nunawa. Shekaru da dama garuruwan nan na fararen fata ne masu matsakaicin hali, babu matalauci sai mai aikin gida. Shigowar marubuta baƙaƙen fata irin su V. M. Burns ta fara faɗaɗa wannan fage, kodayake ita ma a cikin ƙa'idojin da ta tarar take aiki.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kantin littattafai yana yin ayyuka uku a labarin bincike mai sanyi: shi ne dandalin da yake kawo wa mai bincike mutane da labarai, shi ne makarantar da ta koyi bincike a cikinta, kuma shi ne dukiyar da labarin yake karewa daga barazanar da ta fi ƙarfin ƙananan kantuna a zahiri. An kuma nuna cewa sanyin da reshen yake bayarwa yana da farashi, wanda mamaci ne yake biya. Bisa wannan ma'auni, littattafan da suka fi inganci su ne waɗanda suka bar kuɗi da ƙyashi suka shigo kantin, wato Strangled Prose da Murder Is Binding, sai kuma The Ghost and Mrs. McClure saboda ya sanya mai sukar reshen a cikin labarin kansa.

Akwai darasi a nan ga masu nazarin adabin harsunan Nijeriya. Muhawarar da aka yi a jaridu a shekarun 1990 a kan littattafan soyayya na Kano ta tsaya tsawon lokaci a kan ko sun cancanci a kira su adabi, kamar yadda ta Wilson da Auden ta tsaya a shekarun 1940. Abin da nazarin da ya gabata ya nuna shi ne cewa labarin da ake rubutawa bisa tsari guda ana maimaitawa yana da abin faɗa, kuma a cikin maimaicin ne ake samunsa. Idan marubuta da yawa da ba su haɗa baki ba suka yi ta komawa ga mace guda mai rashi, da kanti guda mai fama da haya, da azzalumi guda mai dillancin gidaje, to aikin manazarci ne ya tambayi abin da masu sayen littattafan suke tsoro, da kuma abin da suke so a gaya musu game da shi.